Kiɗan Wa Ake Yi? Tarihin Rabe-raben Kiɗa a Ƙasar Kankiya da Kusada

Ɗalibin sakandare a Kankiya ko Kusada yana haɗuwa da maganar kiɗa a wuri biyu: a darasin Hausa, inda ake karanta waƙoƙin baka da kayan kiɗan gargajiya saboda jarrabawar WAEC da NECO, da kuma darasin al'adu da fasaha na ƙaramar sakandare. A duka biyun, abin da aka fi miƙa masa shi ne jerin sunaye a kan allo: makaɗan fada, makaɗan sana'a, makaɗan maza, makaɗan jama'a, sai kayan kiɗa, tambari, kotso, kalangu, goge, garaya. Ya kwafa, ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya manta. Jerin ba ƙarya ba ne, malaman jami'a ne suka tsara shi daga bakin makaɗan kansu. Illarsa ita ce ana koyar da shi kamar haka aka same shi tun fil azal, alhali kowane suna a cikinsa yana da lokacin da ya shigo, da wanda ya mallake shi, da ranar da ya kuɓuce masa. Ra'ayina shi ne waɗannan kalmomi tarihi ne na yadda aka zauna a ƙasar nan, kuma duk malamin da ya koyar da su ba tare da tarihinsu ba ya hana yaro rabin abin da ke cikinsu.

Bahaushe bai fara raba kiɗa ta hanyar sautinsa ba. Tambayar da yake yi idan ya ji ganga daga nesa ita ce, kiɗan wa ake yi? Amsar ita ce nau'in. Gangar noma ta manoma ce, dundufa ta maƙera, kalangu na mahauta, talle na 'yan tauri da mafarauta, babbar garaya ta maharba, ƙwarya da shantu na mata. A ƙasa irin ta Kankiya da Kusada, inda rayuwa ta dogara ga gero da dawa da gyaɗa da kiwo, wannan rabo ya yi daidai da rabon aiki a gari. Ranar gayya, idan samari suka jeru a bakin kunya kowa da garmarsa, makaɗin noma ba ya kaɗa wa taron baki ɗaya. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya bayan wanda ya ga ya fara sanyi, ya saki takensa, wato ɗan gajeren kiɗan da aka san shi da shi ko aka san gidansu da shi. Mai taken yana ji zai ɗago, ya yi kirari, ya duƙa ya ci kunyar da ƙarfin da shi kansa bai san yana da shi ba. Na kusa da shi, da yake ba takensa ba ne, ko gezau. Ke nan kiɗan yana da mai shi, kuma idan aka cire mai shi daga bayani, abin da ya rage ƙara ce kawai ta fata da sanda.

A fada wannan mallaka ta fi ko'ina tsanani, domin can doka ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. Tun daga wancan zamani dogon ƙahon ƙarfen nan da tambari suka zama shaidar sarauta a manyan biranen Hausa, har da Katsina. Ba a busa kakaki don attajiri, kome dukiyarsa, ba a kuma buga tambari don a yi rawa. A daren Juma'a mabusa da makaɗa sukan taru a ƙofar fada su yi sara, wadda ba nishaɗi ne manufarta ba, sanarwa ce ta mako-mako cewa sarki na nan a kan gadonsa. Hakimai kuwa, irin Kankiyan Katsina a Kankiya da Bebejin Katsina a Kusada, darajarsu tana ƙasa da ta sarkin yanka, kuma kunne yana iya jin wannan tazara: abin da aka saba ji a ƙofar hakimi da bayan dokinsa ranar hawan salla shi ne algaita da ganguna da maroƙan baki. Wani Bature mai nazarin kiɗa, Anthony King, ya zauna a Katsina a shekarun 1960 ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan ganguna da kakakin fadar Sarki Usman Nagogo, sannan shi da David Ames, wanda ya yi nasa aikin a Zariya, suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Abin lura a ƙamus ɗin shi ne bai tsaya kan kayan kiɗa ba, sai da ya ware babi ga masu kiɗan, da waɗanda ake yi wa, da lokutan da ake yi. Kalmomin ne suka tilasta musu haka.

Jihadin da ya fara a 1804, wanda ya kawo Ummarun Dallaje sarautar Katsina, ya sake zana iyakokin. A littafin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sanya yawan kaɗe-kaɗen banza cikin halayen mulkin da yake suka, ya kuma bar ƙofa ga ganga idan akwai dalili na shari'a, kamar tara runduna. Daga nan kiɗa ya samu sabon ma'auni a kan na dā: bayan a tambayi na wa ne, sai a tambayi ya halatta ko bai halatta ba. Garaya da goge na bori suka ja baya daga idon hukuma, suka fi samun sakewa a Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Katsina na dā suka koma. A ɗaya gefen, malamai suka rungumi rubutacciyar waƙa, mai baiti da ɗango da amsa-amo da kari irin na Larabawa, wadda ake rerawa ba kiɗa. Wannan ne tushen babban rabon da yara ke haddacewa yau, waƙar baka da rubutacciyar waƙa, kuma ya kamata su san ba bambancin alƙalami da baki kaɗai ba ne. Bambancin zaure ne da dandali, na malami da maroƙi. Duk da haka fadar da jihadin ya kafa ba ta yar da tambari da kakaki ba, ta gaje su, kuma a ƙarni na 20 ne manyan makaɗan fada da muka sani suka yi tashe: Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa a Isa, Salihu Jankiɗi da taushinsa a Sakkwato, Musa Ɗanƙwairo a Maradun, da Sarkin Taushin Katsina a fadar Nagogo.

Kalangu ya fi kowane kayan kiɗa nuna cewa rabe-raben nan suna motsi. Icce ne da aka fafe, mai faɗi a baki biyu da siririn ƙugu a tsakiya, an rufe kowane baki da tantani, an haɗa bakunan da tsarkiyoyi na fata da suka bi tsawon jikinsa. Makaɗi yana rataya shi a kafaɗa, ya danne shi a hammata, ya riƙe lanƙwasasshen makaɗi a ɗaya hannun. Idan ya matse tsarkiya tantanin ya ɗaure, murya ta hau. Idan ya sassauta ta sauka. Idan ya buga yana cikin sakewa sai ta zamo daga sama zuwa ƙasa. Hausa harshe ne mai karin sauti, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum da na ubansa, wanda ya saba kuma ya ji sarai. Asalinsa na mahauta ne: da shi ake shelar cewa an yi yanka, da shi ake kaɗa wa Sarkin Fawa take. Tun da dambe wasan mahauta ne, kalangu ya bi su fage, inda irin su Ɗan Anace suka yi suna. Da dare kuma shi ne a dandali yana kaɗa wa 'yan mata. Fawa, dambe, dandali: babu ɗaya cikin ukun da ke kusa da rawani.

Daga wannan dandali Mamman Shata ya fito. An haife shi a Musawa a 1923, a gidan Fulani da ba su gaji roƙo ba, mahaifinsa kuma bai so ya yi waƙa ba. Shata ya yi tallan goro da alewa, ya zauna Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa. Musawa tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, lokacin duk ƙasar Katsina tana cikin jihar Kaduna, kuma Shata ya taɓa zama kansila a wannan ƙaramar hukuma, saboda haka mutanen Kankiya suna da hakkin kiransa nasu. Da kalangun mahauta ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da 'yan siyasa, ya yi ta noma, ya yi ta addini, ya yi zambo ga wanda ya ɓata masa. Bai zama makaɗin fadar kowa ba, ba shi da ubangida guda da ke ci da shi ya tufatar da shi ya hana shi kai waƙa wani gida, kamar yadda tsarin fada yake. Abin da ya ba shi wannan 'yanci ba murya kaɗai ba ce. Mota da jirgin ƙasa sun kai shi inda ƙafa ba ta kai makaɗan dā ba, kuɗin gyaɗa da auduga sun samar da masu kyauta waɗanda ba 'ya'yan sarauta ba, faifan garmaho da Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, sun shigar da shi gidajen da bai taɓa takawa ba. Rukunin da littafi ke kira makaɗan jama'a, wanda aka sa Shata da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi da Haruna Uji mai gurmi a ciki, a wannan zamani ya yi ƙarfi, kuma ɗan kasuwa da rediyo ne suka raine shi. Dandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Yaron da aka gaya wa kalangu na mahauta ne, aka tsaya nan, zai rasa inda zai ajiye wannan mutum. Wanda aka gaya wa kalangu na mahauta ne a dā, ga kuma yadda ya fita daga hannunsu, ya koyi tarihin ƙarni guda na ƙasarsu cikin darasi ɗaya.

Za a ce, to, wannan duk bayanin zamantakewa ne, bai gaya mana kome game da waƙar kanta ba. Ƙorafin yana da ƙarfi, amma ya manta cewa akwai kalmomin cikin waƙa, kuma su ma ba a rasa su ba. Akwai jagora, wanda ke ja, da 'yan amshi, masu karɓa. Akwai gindin waƙa, layukan da ake komawa gare su, da ɗiya, rassan da jagora ke ƙirƙira tsakanin komawa da komawa. Akwai sanƙira, wanda ba ya rerawa, aikinsa ya tsinka kirari da ƙarfi ya bayyana wa taro wanda ake nufi da abin da ya bayar. Akwai yabo da zuga da habaici da zambo, kuma tazarar da ke tsakanin habaici, da ba ya kama suna, da zambo, da ke siffanta mutum har a gane shi, ta isa darasin mako guda. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara irin waɗannan a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, inda ya kira babban saƙon waƙar baka turke, ya bar jigo ga rubutacciya. Da waɗannan kalmomi ɗalibi zai iya jin bambancin nau'i da kunnensa. A waƙar fada 'yan amshi suna ɗauke da kaya mai nauyi, jagora ya fara magana su tarbe shi su ƙarasa, domin ƙungiya ce da ta daɗe tare tana bitar waƙa kafin a kai ta gaban sarki. A waƙar Shata amshin gajere ne, ana maimaita shi ba canji, shi kuwa yana zuba ɗiya nan take gwargwadon wanda ya gani a fili. Ashe wanda ake yi wa waƙa ya shiga har cikin ƙirarta.

Wasu kuma za su ce me ya sa ba za a koyar da rabon da duniya ta sani ba. A 1914 wasu masana biyu a Jamus, Hornbostel da Sachs, sun raba kayan kiɗan duniya gida huɗu bisa abin da ke girgiza ya ba da sauti: fata, ko tsarkiya, ko iska, ko jikin abin kansa. Tsari ne mai amfani, ya kamata yaro ya san shi, kuma Hausa ba ta rasa makamancinsa ba tun da ta bambanta kiɗa da busa. Da shi za a gane cewa goge ɗan'uwan kukuma ne, algaita kuma tana da dangi har Masar da Turkiyya. Sai dai wannan ma'auni zai zuba tambari da gangar noma a gida ɗaya, ya haɗa jauje da kotso da kalangu don duk masu siririn ƙugu ne. Ta fuskar icce da fata gaskiya ne. Amma jauje na fada ne, kotso ma haka, ana buga shi da yatsu a kan fata guda mai ɗigon nake a tsakiya, kalangu kuwa na kasuwa ne, kuma a zamanin Sarkin Katsina Dikko wanda ya rikita su a ƙofar fada ba kuskuren jarrabawa ya yi ba. A koyar da na Jamus a matsayin amsar tambaya ɗaya, da me aka yi shi, a bar na gida ya amsa sauran.

Ƙorafin da ya fi kowanne yawo a bakin matasa shi ne duk wannan ya wuce. Yaron Kusada na yau a waya yake jin waƙa, kuma abin da ke cikinta fiyano ne da kwamfuta daga situdiyon Kano da Kaduna. Tun da finafinan Hausa suka kankama a shekarun 1990 aka samu waƙoƙin nanaye masu ɗanɗanon Indiya, aka samu masu bege da fiyano a gefen masu bandiri, aka samu masu salon Amurka. Haka ne, kuma manhajar da ta yi kamar ba ta san da su ba ta yaudari kanta. Amma a saurari yadda masu sauraron suke raba su: waƙar siyasa, waƙar biki, waƙar sarauta, waƙar soyayya, bege. Tambayar ba ta canja ba, har yanzu wa aka yi wa ake tambaya. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙasar Ɗanja a jihar Katsina, yana da ubangida, yana yabo, yana habaici, yana zambo, yana da masu amshi, ko da na'ura ce ke kaɗa masa. Aminu Ala yana rubuta baiti da amsa-amo kamar malamin zaure sannan ya hau da su kan kiɗa, abin da ya rushe katangar da ke tsakanin rubutacciya da ta baka, kuma ba mai gane girman abin da ya yi sai wanda ya san yaushe aka gina katangar. Tsofaffin kalmomin su ne kayan aikin da suka fi dacewa da sabuwar waƙar.

Akwai damuwa ta ƙarshe wadda ba na ɗaukarta da wasa. Iyaye da yawa ba sa son a ce ɗansu yana koyon kiɗa a makaranta, wasu don addini, wasu don tsohon ƙyamar roƙo. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin roƙo a ƙasar Zazzau ya buga a 1957, ya nuna yadda maroƙi yake kusa da masu mulki a zama amma yake can ƙasa a daraja, kuma har yau akwai gidajen da ba sa ba makaɗi aure. Tsoron shi ne koyar da rabe-raben nan zai raya wannan bambanci a zukatan yara, ɗan mahauci da ɗan makaɗi su ji an nuna su a aji. Haɗarin yana nan idan an koyar da jerin a matsayin yadda Allah ya tsara mutane. Idan an koyar da shi a matsayin tarihi, akasin haka ne zai faru, domin tarihin yana nuna ɗan Fulanin da bai gada ba ya ɗauki gangar mahauta ya kai ta zauren jami'a. Game da addini kuwa, sanin sunan abu da tarihinsa daban, aikata shi daban, kuma malaman jihadi da kansu sun ambaci kayan kiɗa da sunayensu a littattafansu lokacin da suke bayanin hukuncinsu.

Inda jerin makaranta ya fi rauni shi ne wajen mata. Akan ba su layi ɗaya, a ce kiɗan ƙwarya da shantu, a ambaci Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, a wuce. Alhali a ƙauyukan Rimaye da Gyaza da Yashe da Mawashi, kamar sauran ƙasar Hausa, waƙar da ta fi yawa ba ta makaɗa ba ce, ta cikin gida ce: ta daka, wadda taɓare biyu ko uku ke yi wa kiɗa idan ana lugude, ta niƙa, ta reno, ta gaɗa da 'yan mata ke yi da tafi, ta kamun amarya da kai ta ɗaki. Waɗannan ba su da ubangida, ba a yi musu kyauta, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa, domin injin niƙa ya karɓe aikin dutse, dandalin dare kuma ya mutu a garuruwa da yawa. Makaɗan fada sun samu faifai da kaset da kundayen jami'a, waƙar niƙa kuwa mafi yawanta tana bakin tsofaffin da suka yi ta. Malamin Hausa a Kankiya ko Kusada yana da abin da malamin Legas ba shi da shi: ɗalibansa suna kwana gida ɗaya da waɗannan tsofaffi. Aikin gida na zango ɗaya, kowace yarinya da kowane yaro ya rubuto waƙa guda daga bakin kakarsa, ya faɗi wa ke yin ta, yaushe, da me ake kaɗa mata, ina gindinta ina ɗiyanta, ya kuma tambayo shekarar da aka daina yin ta a gidansu da abin da ya sa, zai ba makarantar kundin da babu irinsa a ɗakin karatu na kowace jami'a.